Ɗaukaka Ƙara da Kariyar Kai a Shari'ar Kisan Kai: Waiwaye Daga Kongolam

Gabatarwa

Kongolam gari ne na bakin iyaka a ƙasar Daura, cikin Ƙaramar Hukumar Mai'aduwa ta Jihar Katsina. Ta nan ne hanyar mota ta ratsa daga Daura ta nufi Matamaye da Damagaram a Jamhuriyar Nijar. Mutanen ɓangaren nan da na ɓangaren can harshensu ɗaya, addininsu ɗaya, suna auratayya, suna kuma cin kasuwannin juna. Turawan Ingila da na Faransa ne suka shata layin da ya raba su, bisa yarjejeniyar 1904 da ta 1906, aka kuma kakkafa alamominsa tsakanin 1906 da 1908. Layin nan bai tsaya ga raba tuta da haraji kaɗai ba, ya raba har da hanyar da ake bi wajen yi wa mutum shari'ar da ransa ya rataya a kanta.

A ƙaddara wani manomi yana aiki a gonarsa a bayan garin, sai wani ya taso masa da wuƙa. Suka kama kokawa, wuƙar ta koma hannun manomin, wanda ya kawo harin ya mutu. Babu wanda ya gani. Manomin bai yi musun cewa hannunsa ne ya yi kisan ba, amma ya ce kansa ya kare. Tambayoyi uku ne za su taso nan take. Wa zai saurare shi ya auna maganarsa? Da wace doka za a auna ta? In kuma mai aunawar ya yi kuskure, ina manomin zai kai kukansa? Da abin a ɓangaren Nijar ya faru bayan samun mulkin kai a 1960, da an gurfanar da shi bisa tsarin da ƙasar ta gada daga Faransa, inda alƙalai suke zama tare da wasu mutanen gari a shari'ar manyan laifuffuka. A ɓangaren Daura kuwa amsar tambayoyin nan ta sake salo sau da dama cikin ƙarni na ashirin. Tarihin wannan sauye-sauye shi ne abin da wannan lacca za ta bi diddiginsa.

Juri da Zaɓensa

Ya kamata a fara da tsarin da Turawan Ingila suka baro a gida, domin a gane abin da suka kawo Arewa da abin da ba su kawo ba. A Ingila, babban laifi irin na kisan kai ba alƙali ne kaɗai yake yanke shi ba. Akan zaɓo mutum goma sha biyu daga cikin jama'ar gari, waɗanda ba su karanci doka ba, su zauna su ji shaidu. Su ake kira juri. Alƙali ya bayyana musu doka, su kuwa su faɗi ko wanda ake tuhuma ya yi laifi ko bai yi ba. A shekarar 1670 wasu 'yan juri a Landan suka ƙi kama William Penn da abokinsa da laifi, alƙali ya kulle su ba ci ba sha, ya kuma ci su tara. Da ɗaya daga cikinsu, mai suna Bushell, ya kai kuka gaba, sai aka yanke cewa ba a hukunta ɗan juri saboda abin da ya yanke. Tun daga nan ƙarfinsu ya kafu.

To, tun da rai yana hannun mutum goma sha biyu, zaɓen su wane ne ya zama rabin shari'a. Wanda ake tuhuma yana da ikon ya ƙi wani daga cikinsu in ya nuna cewa maƙiyinsa ne, ko ɗan'uwan mamaci ne, ko kuwa ya riga ya yanke hukunci a zuciyarsa. A Amurka ne wannan batu ya fi tsananta, saboda wariyar launin fata. A 1880 Kotun Ƙoli ta ƙasar ta soke hukuncin da aka yi wa wani baƙar fata mai suna Strauder a kan kisan kai, domin dokar jiharsa ta hana baƙaƙe zama 'yan juri. A 1986 kuma, a shari'ar Batson daga jihar Kentaki, inda lauyan gwamnati ya tsame baƙaƙe huɗu da ke cikin waɗanda za a zaɓa, kotun ta ce ba a kore mutum daga juri saboda launinsa. Ma'anar duka biyun ita ce, ko da shaida ta yi ƙarfi, hukunci yana iya rushewa in masu yanke shi ba a zaɓo su bisa adalci ba.

Wannan tsari ya shigo Nijeriya, amma a Ikko ya tsaya. An yi aiki da shi a can tun ƙarni na sha tara, aka daina a shekarun 1970. Arewa ba ta taɓa yin juri ba. Sai dai kuskure ne a zaci cewa damuwar da ta haifi zaɓen juri baƙuwa ce a ƙasar Hausa. Akwai ta, amma a wani wuri dabam aka ajiye ta.

Shari'ar Malikiyya Kafin Zuwan Turawa

Bayan jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka fara a 1804, alƙalan ƙasar Hausa sun dogara ga littattafan mazhabar Maliku, musamman Risala ta Ibn Abi Zaidi, da Mukhtasar na Khalil, da Tuhfatul Hukkam ta Ibn Asim. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo kuma ya rubuta Liya'ul Hukkam a Kano wajen 1806, domin ya zama jagora ga masu mulki da masu shari'a. A wannan tsari alƙali ba ya hukunci da zato. Shaidu ne suke tabbatar da abin da ya faru, kuma in shaidu adilai biyu suka tsaya, shaidarsu ta kuɓuta daga suka, to alƙali ba shi da wata hanya sai ya bi ta. Watau nauyin da Ingila ta ɗora wa juri, Malikiyya ta ɗora mafi yawansa a kan shaidu.

Saboda haka ne aka tsananta wajen tace su. Akwai tazkiyya, watau binciken adalcin mai shaida, a fili da kuma a asirce. Akwai ikon suka, inda wanda ake tuhuma zai nuna cewa mai shaidar maƙiyinsa ne, ko yana da wata riba a cikin shari'ar, ko kuwa fasiƙi ne. Ba a karɓar shaidar maƙiyi a kan maƙiyinsa, ba a kuma karɓar ta uba domin amfanin ɗansa. Sa'an nan akwai i'izari, watau kafin alƙali ya yanke hukunci sai ya tambayi wanda hukuncin zai hau kansa ko yana da sauran hujja, ya kuma ba shi lokacin kawo ta. Hukuncin da aka yanke ba tare da i'izari ba ɓatacce ne. Har ila yau alƙali ba ya zama shi kaɗai tilo, akwai muftai da malamai da yake shawara da su. Wanda bai gamsu ba yana iya kai kuka fadar sarki, inda sarki yake zama da majalisarsa, kuma a can ne manyan shari'o'in jini suke ƙarewa.

Game da kariyar kai, malaman Malikiyya sun yi bayaninta a babin tunkuɗe mai kawo hari. Ya halatta mutum ya kare ransa da iyalinsa da dukiyarsa. Ana so ya fara da gargaɗi in akwai hali, amma in ya tabbata cewa ba abin da zai tsayar da maharin sai kisa, to babu ƙisasi a kansa, babu diyya. Wahalar tana wajen tabbatarwa, gama ba a karɓar da'awarsa sai da shaidu. Duk da haka masu sharhin Mukhtasar, kamar Shehu Dardiri, sun ce in abin ya faru inda babu kowa, to a karɓi maganarsa tare da rantsuwa. Ashe ke nan manomin da aka yi misali da shi yana da ƙofa.

Abin da Malikiyya ba ta sani ba shi ne rangwame saboda fushi. Kisa a wurinta iri biyu ne, na ganganci da na kuskure. Wanda ya bugi wani cikin hushi, ko da da sanda ne, ya mutu, to ganganci ne. Rangwamen yana hannun magadan mamaci: in sun so su nemi ƙisasi, in sun so su yafe ko su yi sulhu a kan diyya. In sun yafe, hukuma ta yi wa mai kisan bulala ɗari da ɗaurin shekara guda. Wannan bambanci ne ya zo ya zama tushen rikici.

Daga Lugga Zuwa Kamaru

Da Turawa suka ci ƙasar, Gwamna Lugga bai rushe kotunan alƙalai ba. Dokokin 1900 da 1906 sun amince da su, sai dai an hana yanke hannu da sauran hukunce-hukuncen da Turawa suka ce sun saɓa wa tausayi. A gefe guda kuma, a 1904 aka kafa wa Arewa kundin laifuffuka na Turawa, wanda aka kwaikwayo daga na Kwinslan ta Ostireliya, aka shimfiɗa shi kan Nijeriya duka a 1916. Daga baya aka kasa kotunan gargajiya daraja huɗu. Masu daraja ta ɗaya, watau majalisun manyan sarakuna, su ne ke da ikon hukuncin kisa, amma ba a zartar da shi sai Gwamna ya sa hannu.

A Daura wannan zamani ya zo da wani sauyi na musamman. A 1906 Turawa suka mayar da sarauta ga tsohon gidan Haɓe, suka naɗa Malam Musa. Ɗansa Abdurrahman ya gaje shi a 1911, ya yi shekara 55 a kan gado, har 1966. Da yawa daga cikin abin da za a ambata nan gaba a zamanin sarki ɗaya ya faru.

A shekaru talatin na farko babu hanyar ɗaukaka ƙara daga kotun alƙali ko ta sarki zuwa kotun Turawa. Abin da ake da shi shi ne duban Razdan da Di'o, waɗanda suke da ikon bincika littafin kotu, su rage hukunci, ko su sa a sake shari'a. Wannan kuwa alfarma ce ta mai mulki, ba haƙƙin talaka ba. Gwamna Donald Cameron, wanda Hausawa suke kira Kamaru, shi ne ya sake lale a 1933. Ya soke kotunan lardi da Razdan yake shugabanta, ya kafa Babbar Kotu da kotunan majistare, ya kuma buɗe hanyar da shari'ar kisa za ta tashi daga fadar sarki ta hau har Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Afirka ta Yamma. Daga nan kalmar afil ta shiga bakin mutane. Amma fa lauya ba shi da izinin shiga kotun alƙali, kuma jojin da zai duba afil bai ga shaidu ba, bai ji muryarsu ba. Takarda kurum yake gani, wadda aka rubuta da Larabci ko Hausa, aka juya ta zuwa Ingilishi.

Shari'ar Tsofo Gubba

Ruwa ba ya tsami banza. Dokoki biyu masu auna kisa da ma'auni dabam-dabam suna zaune a ƙasa ɗaya, an kuma haɗa su da tsani guda, dole wata rana su yi karo. Karon ya zo a 1947, a shari'ar Tsofo Gubba da En'en Gwandu. Kotun Sarkin Gwandu ta same shi da kisan ganganci, ta yanke masa hukuncin kisa, kuma bisa Malikiyya hukuncin daidai ne. Amma kisan ya auku ne cikin yanayin da kundin Turawa yake ɗauka a matsayin tsokana mai gusar da hankali, wadda take sauko da laifi daga na kisa zuwa na ɗauri. Kotun Afirka ta Yamma ta dubi gyaran da aka yi wa sashe na 4 na kundin a 1933, ta ce in laifi yana cikin kundin, to da kundin za a yi hukunci, ko da a kotun sarki ne. Ta soke hukuncin.

Hankalin sarakuna da alƙalai ya tashi ƙwarai, gama in aka bi wannan fassara, shari'ar Musulunci ta laifuffuka ta ƙare ke nan ba tare da an yi shawara da kowa ba. A 1948 gwamnati ta yi doka ta mayar wa kotunan gargajiya ikonsu. A 1951 aka sake gyara: su yi shari'a da dokarsu, amma kada hukuncin ya wuce iyakar abin da kundin ya tanada ga irin wannan aiki. Maganin sai ya zama wata cutar. A 1957, a shari'ar Maizabo da En'en Sakkwato, Kotun Ƙoli ta Tarayya ta nuna cewa wajibi ne kotun sarki ta bincika ko akwai tsokana, domin ta san iyakar hukuncin da za ta yanke. Watau alƙalin da ya ƙare karatunsa a kan Mukhtasar an ɗora masa binciken abin da littafinsa bai san da shi ba, cikin wani kundi na Ingilishi. A wannan shekara wasu shari'o'in kisa daga Kano da Bauci sun hau kan matsala irin wannan.

A 1959 aka sami wata da ta taɓa zuciyar al'amarin, watau shari'ar Guri da En'en Haɗeja. An tuhumi Guri da fashi, shaidu suka ba da shaida, aka yanke masa hukunci ba tare da an bar shi ya faɗi abin da zai kare kansa ba. Kotun Ƙoli ta Tarayya ta ce wannan ya saɓa wa tushen adalci, ta rushe hukuncin. Darasin a fili yake: wanda ba a ji ta bakinsa ba, ba a yi masa shari'a ba.

Sulhun 1960

Mulkin kai yana matsowa, ga kuma Hukumar Willink, wadda ta binciki koke-koken ƙananan ƙabilu a 1957 da 1958, ta ji ƙorafi mai yawa a kan kotunan Arewa. Sai gwamnatin Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello, ta tura wakilai Libiya da Pakistan da Sudan su ga yadda ƙasashen Musulmi suka yi da tasu matsalar, sa'an nan ta kira kwamitin masana shari'a a 1958. Babban Jojin Sudan, Sayyid Muhammad Abu Rannat, shi ne shugaba. Tare da shi akwai Mai Shari'a Muhammad Sharif na Pakistan, da Farfesa J. N. D. Anderson na Jami'ar Landan, da Shettima Kashim, da Peter Achimugu, da Malam Musa, Babban Alƙalin Bida. Shawararsu ce ta haifi kundin da aka zartar a 1959, ya fara aiki ran 30 ga Satumba, 1960, wanda jama'a suke kira Final Kod. An ɗauko shi daga na Sudan, wanda shi kuma jikan kundin Indiya ne na 1860. Aka kuma kafa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a, amma ikonta ya tsaya ga aure da gado da makamantansu.

Sashe na 59 zuwa na 67 na Final Kod su ne suka tsara kariyar kai. Abin da mutum ya yi cikin kare kansa bisa ƙa'ida ba laifi ba ne. Yana iya kare jikinsa, da jikin wani, da dukiya. Amma akwai iyaka biyu: kada ya yi ɓarnar da ta wuce bukata, kuma ba shi da wannan haƙƙi in akwai lokacin neman taimakon hukuma. In harin ya kai ga tsoron mutuwa ko mummunan rauni, kariyar tana iya kaiwa ga kisa. Abin lura shi ne sashe na 222, wanda ya buɗe hanya ta tsakiya. Wanda ya yi kisa saboda tsokana mai tsanani ta farat ɗaya, ko cikin faɗan da ya ɓarke ba shiri, ko kuwa ya zarce iyakar kariyar kai da kyakkyawar niyya, laifinsa ba na kisa ba ne, na ɗauri ne. A wannan wuri Final Kod ya fi dokar Ingila sassauci. A 1971, a shari'ar Palmer da ta fito daga Jamaika, majalisar shari'a ta Sarauniya ta ƙi yarda da irin wannan hanya ta tsakiya, ko da yake ta amince cewa wanda ake kai wa hari ba shi da sukunin auna bugunsa da sikeli.

Tsakanin 1967 da 1968 gwamnatin soja ta soke kotunan sarakuna, ta ƙwace kotunan alƙalai daga hannun En'e, ta mai da su kotunan yanki. Shari'ar kisan kai ta koma Babbar Kotu. A 1963 an riga an daina kai afil Landan, a 1976 kuma aka kafa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Tarayya. Da aka ƙirƙiro Jihar Katsina a 1987, sai tsanin ya zama hawa uku ga mutumin Kongolam: Babbar Kotun Jiha, Kotun Ɗaukaka Ƙara, Kotun Ƙoli.

A nan ya kamata a tsaya a yi lissafin riba da hasara. An sami doka rubutacciya, an sami lauya, an sami haƙƙin afil, kuma nauyin tabbatar da laifi ya koma kan mai gabatar da ƙara. Amma a Babbar Kotu joji ɗaya ne yake zama. Babu juri kamar Ingila, babu majalisa kamar fadar sarki, babu tazkiyya, babu kuma magadan da yafewarsu za ta tsayar da hukunci. Shi ne mai faɗin doka, shi ne kuma mai gaskata wannan ya ƙaryata wancan.

Shari'o'i Biyu na Wannan Ƙarni

Shari'o'i biyu sun isa su nuna cewa tsofaffin tambayoyin suna nan da ransu. Ta farko a Jihar Katsina ta faru, bayan jihar ta dawo da shari'ar Musulunci a fannin laifuffuka a shekarar 2000. A 2002 kotun shari'a ta Bakori ta yanke wa Amina Lawal hukuncin jefewa, babbar kotun shari'a ta Funtuwa ta tabbatar. Ran 25 ga Satumba, 2003, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta Jihar Katsina ta rushe hukuncin, alƙalai huɗu suka rinjayi ɗaya. Cikin dalilanta akwai haƙƙin janye iƙirari, akwai kuma cewa alƙalin farko shi kaɗai ya zauna, alhali dokar jihar ta ce ya zauna da mutum biyu. Ba shari'ar kisan kai ba ce, amma ta rai ce, kuma ita ce mafi kusa da batun zaɓen juri a wannan yanki: an tambayi su wa suka zauna, aka tarar zaman bai cika ba.

Ta biyu daga Jihar Adamawa take, kuma ta yi kama da misalin da aka buɗe da shi. Sunday Jackson, wani manomi, ya ce wani makiyayi ya kai masa hari da wuƙa a gonarsa, ya ji masa rauni, shi kuma ya ƙwace wuƙar ya soke shi. Babbar Kotu a Yola ta yanke masa hukuncin kisa a 2021. Ran 7 ga Maris, 2025, Kotun Ƙoli ta tabbatar. Mafi rinjayen alƙalai sun dogara ga bayanin da ya yi wa 'yan sanda, suka ga cewa da wuƙar ta zo hannunsa haɗari ya kau, yana da halin gudu, sukan da ya yi kuwa ya wuce bukata. Mai Shari'a Helen Ogunwumiju ta saɓa musu, ta ga cewa kariyar kai ta tabbata. A watan Disamba na 2025 Gwamna Ahmadu Umaru Fintiri ya yi masa afuwa, bisa ikon da sashe na 212 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba gwamnoni. Ba manufar wannan lacca ba ce ta yi wa Kotun Ƙoli gyara, balle ta manta cewa wani rai ya salwanta, yana kuma da iyali. Abin dubawa shi ne, ƙwararrun alƙalai sun karanta takarda ɗaya, suka rabu a kan abin da ya faru cikin 'yan daƙiƙoƙi a wata gona da babu ɗayansu da ya taɓa takawa.

Kammalawa

Hausawa sun ce shari'a mace ce mai ciki, ba a san abin da za ta haifa ba. Tarihin nan ya nuna cewa kowane tsari yana da inda ya ajiye garkuwarsa daga kuskure. Ingila da Amurka sun ajiye tasu a zaɓen juri. Malikiyya ta ajiye tata a tace shaidu da i'izari da yafewar magada. Tsarin da Arewa ta gada daga 1933 da 1960 ya ajiye tasa a afil. Amma ƙa'ida ce sananniya cewa kotun sama ba ta cika taɓa abin da jojin farko ya gaskata ba, domin shi ne ya ga shaidu ido da ido, balle in kotu biyu sun riga sun dace a kansa. Saboda haka afil ba ya iya ganin abin da takarda ba ta ɗauko ba.

Wannan kuwa ya dawo da nauyin kan ma'aikata ƙanana waɗanda ba a jin sunansu. Ɗan sandan da ya rubuta bayanin farko, shin ya rubuta cewa wanda ake tuhuma shi ma yana da rauni? Likita ya duba raunin ya ba da takarda? Tafintan da ya juya Hausa zuwa Ingilishi ya bambanta tsakanin "na soke shi" da "na tunkuɗe shi da wuƙar"? Magatakardan kotu ya rubuta ƙorafin da lauya ya yi a lokacin da ya yi shi? Sashe na 36 na Tsarin Mulki ya ba wanda ake tuhuma haƙƙin a sanar da shi laifinsa cikin harshen da yake ji, da haƙƙin tafinta kyauta, ya kuma wajabta wa kotu ajiye rubutaccen bayanin zamanta. Ɗalibin da yake shirin shiga aikin gwamnati, da ma'aikacin da ya riga ya shiga, ya kamata su san cewa waɗannan ba ƙa'idojin ofis ba ne kurum. Manomin Kongolam ba zai taɓa tsayawa gaban alƙalan Abuja ya yi musu bayani da bakinsa ba. Abin da aka rubuta a ranar farko, a ofishin 'yan sanda mafi kusa da gonarsa, shi ne zai je ya yi magana a madadinsa. Allah ya sa masu riƙe da alƙalami su riƙe shi da amana, amin.